GIDAN ABINCI NA UNGUWA A ƘASAR GIRKA

Duk wanda ya taɓa yin sayayya a kantin Leventis, ko kuwa ya yi wanka da sabulun P.Z., to, ya yi hulɗa da Girkawa ko da bai sani ba, gama Leventis da Zochonis duka jinin Girkawa ne. Mun san su wajen ciniki, amma kaɗan ne daga cikinmu suka san yadda suke cin abinci. Da yake malamai da akawuna sukan fita waje kos, mun ga ya kamata mu yi bayani, don kada mutum ya ƙare tafiyarsa a kan burodi da shayi saboda tsoron haram, ko kuwa ya afka cikinta bisa rashin sani.

A birnin Atina da wuya ka sami unguwar da ba ta da ɗan gidan abincinta, wanda suke kira taverna. Galibi na iyali ne, uwar gida tana murhu, mai gida yana tarbar baƙi, 'ya'ya suna kai akusa. Ba sa fitowa cin abincin dare sai wajen ƙarfe 9 ko 10. Da zamanka sai a shimfiɗa takarda bisa tebur, a kawo burodi da ruwa. A tsofaffin gidaje har akan ce ka shiga kicin ka dubi tukwane, ka nuna wadda ranka ya so.

Abin da ya fi ƙayatar da mu shi ne, ba a ba kowa akushinsa shi kaɗai. Ƙananan farantai ake jerawa a tsakiya, kowa ya miƙa hannu. Ga tumatir da albasa da zaitun, an ɗora musu cukun da ake kira feta, na nonon tumaki, wani lokaci da ɗan na awaki. Ga kindirmo da aka dama da tafarnuwa da kokwamba. Ga shinkafa naɗe cikin ganyen inabi. Har kuɓewa suna ci, sai dai sukan jiƙa ta da ruwan tsami don kashe yauƙinta, abin da mu kuwa muke nema. Ba mai korarka ka tashi, kuma in an gama sau da yawa mai gida yakan kawo kankana ko alewa kyauta.

Girkin nan yana da tarihi. Turkawa sun mallaki yawancin ƙasar shekara wajen 400. Sa'an nan a 1923 aka yi yarjejeniya a Lozan, aka yi musayar mutane bisa addini. Kiristoci fiye da miliyan 1 suka baro ƙasar Turkiyya, Musulmi wajen 400,000 suka bar Girka. 'Yan gudun hijirar nan suka kafa unguwanni a gefen Atina, irin su Nea Smirni, suka zo da gashinsu da kayan yajinsu. Shi ya sa sunayen abinci da yawa, kamar dolma da kefte, Baturke ma ya san su.

To, ga inda matafiyi Musulmi zai yi hattara. Tsirensu da ake kira suvlaki, da naman nan da ake gasawa a tsaye ana yankowa, watau giros, a ƙasar Girka yawanci naman alade ne, in ba an ce na kaza ba ne. Waɗansu miyan nama kuma akan zuba musu giyar inabi. Matambayi ba ya ɓata. Mafita kuwa tana cikin addininsu: masu riƙon Cocin Otodoks suna ƙaurace wa nama ran Laraba da Jumma'a, da makonnin da ke gaban Ista. Saboda haka suna da girki iri iri na wake da ganye da man zaitun zalla, sunansa ladera. Wanda yake shakkar yanka, wannan da gasasshen kifi sun ishe shi.

Gidajen nan sun sha wuya sa'ad da bashi ya danne ƙasar daga 2010. A 2011 aka ɗaga harajin cin abinci a waje daga kashi 13 zuwa 23 cikin ɗari, a 2013 kuwa marasa aiki suka wuce kashi 27 cikin ɗari. Da yawa sun rufe. Waɗanda suka tsira, maƙwabta ne suka riƙe su, suna zuwa su biyar su shida su raba faranti uku.

Saboda haka shawararmu ita ce, in Allah ya kai ka, bar layin da aka shirya wa 'yan yawon buɗe ido, ka nemi inda tsofaffin unguwa suke zama. Kada ka tafi kai kaɗai, ka yi sallama, ka tambayi abin da ke cikin tukunya. Allah ya kai mu lafiya, ya komo da mu lafiya, amin.