Ashe kaɗanya da ganyen shayi dangi ne

Matan da ke kasa man kaɗe a kasuwar Bawku ko ta Yendi ba za su taɓa cewa hajarsu tana da alaƙa da ta mai shayin da ke gefensu ba. To, masana tsirrai sun ce akwai. Tun 1998, da aka sake jera itatuwa bisa binciken ƙwayoyin gado, aka sa kaɗanya da kanya da itacen shayi a babban gida ɗaya mai suna Ericales. A gidan ne kuma ake samun dangin Ericaceae, wato su azalea da rhododendron da Turawa ke shukawa don ado. Kakansu ɗaya, sai dai sun rabu tun miliyoyin shekaru da suka wuce.

Ɗan kasuwa zai ce ina ruwansa. Ruwansa yana wajen suna. Mungo Park ya ga kaɗanya a bakin kogin Kwara a 1796, shi ya sa aka daɗe ana kiranta Butyrospermum parkii. Sunan da masana suka tsayar yanzu shi ne Vitellaria paradoxa, amma tsohon sunan na nan a jikin kwalaben man shafawa. Idan dillali ya zo Salaga da takarda mai ɗauke da ɗayan biyun, kaya ɗaya yake nufi, kada a ruɗe ku.

Inda bambanci yake shi ne tsakanin gabas da yamma. Kaɗanya iri biyu ce. Ta Yuganda da Sudan ta Kudu, da ake kira nilotica, manta ruwa-ruwa ne. Tamu ta Afirka ta Yamma manta yana daskarewa, kuma wannan daskarewar ce kamfanonin cakulan ke biɗa, domin tana iya maye gurbin man koko. A shekarar 2000 Tarayyar Turai ta amince a sa irin waɗannan mayuka, har da na kaɗe, zuwa kashi 5 cikin 100 na cakulan. Ke nan taurin man namu ba aibi ba ne da mai saye zai fake da shi ya karya farashi.

Abin takaicin shi ne kaɗanya kan kai shekara 15 zuwa 20 kafin ta fara 'ya'ya, ga shi masu gawayi na sare ta saboda kyan itacenta. Cibiyar binciken koko ta Ghana tana da reshe a Bole da ke aikin rage wannan jiran ta hanyar aure, wato haɗa reshen babbar bishiya da ƙaramar.