Ba Kowane Ƙuda Ne Abokin Gaba Ba: Raddi Ga Masu Yi Wa Ƙwari Kuɗin Goro

Akwai maganar da ta zauna daram a bakin manoma, daga Riko zuwa Jibiya, har a tsallaka Ɗan Isa da Maraɗi: wai ƙuda ƙuda ne, babu na kirki a cikinsu, kuma duk abin da ya tashi fir a cikin gona, maganinsa feshi. Masu faɗar haka iyayenmu ne da yayyenmu, waɗanda suka fi mu sanin ƙasa da damina nesa ba kusa ba. Don haka wannan raddi ba raini ba ne. Gyara kayanka ne, wanda ba ya zama sauke mu raba.

Gaskiyarsu tana da yawa, kuma da ita ya kamata a fara. Ƙudan gida yana tashi daga bola da masai ya sauka a kan tuwo, ya kawo gudawa da taifot da kwalara. Wani ɗan'uwansa da ke liƙe wa idon yara yana yaɗa ciwon idon da kan kai ga makanta. Ƙudan tsando ya hana Fulani kiwo a dazuzzuka masu yawa saboda sammore, ya kuma sa wa mutane ciwon barci, har aka kafa cibiya sukutum a Kaduna don yaƙi da shi. A gona ma akwai ƙudan da tsutsarsa ke kashe zuciyar dawa tun tana ƙarama, da wanda ke ruɓar da mangwaro a kan bishiya. Wanda ya ga wannan duka, ya ce ba ya ƙaunar ƙuda, ba a ga laifinsa ba. Balle a yankin Jibiya, inda matsalar tsaro ta sa zuwa gona kansa ya zama sai da addu'a. Mutumin da ya yi shuka cikin wannan hali ba zai tsaya kallon ruwa kwaɗo ya yi masa ƙafa ba.

Inda muka rabu shi ne wajen kuɗin goro. Masana sun rubuta nau'in ƙuda sama da 150,000 a duniya, kuma masu cutar da mutum ko dabba ko amfanin gona ƴan kaɗan ne a cikinsu. Ga misali guda da ya isa hujja: ƙuda mai ƙaton kai, daga dangin da masana ke kira Pipunculidae, wanda aka san nau'insa wajen 1,400, kuma nahiyar Afirka tana da kaso mai tsoka a ciki.

Wanda yake son ganinsa sai ya durƙusa a gefen kunya ko bakin fadama da hantsi, lokacin da rana ta fara zafi, ya zuba ido a tsakankanin ciyawa. Ɗan mitsitsi ne, yawancinsu milimita 3 zuwa 5, bai kai ƙwayar shinkafa ba. Baƙi ne ko toka-toka. Ba ya ƙugi, ba ya sauka a jikin mutum. Zai tsaya cik a iska, ya ɗan matsa gaba, ya sake tsayawa, yana leƙa ƙarƙashin ganye ɗaya bayan ɗaya. Kansa ƙwallo ne da ya fi ƙirjinsa faɗi, kuma kusan dukkan ƙwallon nan ido ne. Idanun biyu sun lulluɓe gaba da sama da gefe, sun bar wa fuska wani siririn layi kawai, inda gajerun ƙahonin jin ƙamshi suke. A yawancinsu idanun namiji sun haɗe a goshi, na mace kuwa akwai ɗan rata a tsakaninsu, kuma ƙwayoyin gani na gaban idonta sun fi sauran girma, don ita ce mai farauta. Fukafukai biyu ne, dogaye, sirara, sun zarce ƙarshen ciki. Bayansu akwai wasu ƴan sanduna biyu masu kai, waɗanda ke daidaita masa tashi. Bakinsa mai laushi ne, na lasa, ba ya iya huda fata ko ganye. Darɓar da ƙwari ke zubarwa a kan ganye ita ce yawancin abincinsa.

Kama da wane ba ta wane. Ƙudan gida ya fi shi girma, milimita 6 zuwa 7, yana da baƙaƙen layuka huɗu a gadon baya, kansa madaidaici ne, kuma ba ya iya tsayawa a iska. Akwai kuma ƙudan furanni, wanda shi ma yana tsayawa cik, amma yawanci yana da ratsin rawaya da baƙi irin na zuma. Shi ma ɗin ba abokin gaba ba ne, don tsutsotsin da yawa daga cikinsu suna cin ƙwarin darɓa.

Idan aka zo tantance nau'i guda, aikin ya koma na madubin ƙara girma. Ɗauki Tomosvaryella subvirescens, wanda Bajamushe Hermann Loew ya fara bayyanawa a 1872, aka kuma same shi a Amurka da Afirka da Asiya. Jinsin Tomosvaryella ya fi son fili mai ciyawa da rana, irin ƙasarmu ta Sahel. Ana gane jinsin da fiffike: babu ɗigon duhun nan da sauran danginsa da yawa ke da shi a gefen gaba, kuma ƴar jijiyar da ta gitta fiffiken tana wajen tsakiya. Shi wannan nau'in baƙi ne mai sheƙi, da ɗan kore-kore a cikinsa in haske ya buga. Namijin yana da wani ɗan tudu mai lebur a gindin ƙafar baya. Amma hukunci na ƙarshe sai an duba gaɓar haihuwar namiji, don nau'i biyu kan yi kama ƙwarai a ido, a can ne kawai suke rabuwa. Da irin wannan haƙuri Ba'amurke Elmo Hardy ya rubuta littafi a kan na Afirka a 1949, Marc De Meyer na Beljiyam kuma ya fitar da jerin na duniya baki ɗaya a 1996. Manomi ba ya buƙatar kaiwa nan. Ƙaton kai, dogon fiffike, tsayuwa a iska: ukun nan sun ishe shi.

To me ya haɗa manomin Riko da wannan ɗan ƙuda? Abin da ya haɗa su shi ne ƙwaron tsalle, wato ƙananan ƙwarin nan masu siffar tsinke da ke maƙale a bayan ganye suna tsotse ruwansa, da an taɓa shukar su yi tsalle su watse. Ba fara ba ce. Sun fi ta ƙanƙanta sosai. Macen ƙuda mai ƙaton kai su take nema. Tana da manyan farata da tafin ƙafa mai kamawa, a ƙarshen cikinta kuma akwai tsinke mai kaifi. In ta hango ɗaya, yawanci wanda bai gama girma ba, sai ta faɗa masa, ta riƙe, ta soka tsinken a cikinsa, ta saka ƙwai guda, ta sake shi. Duk cikin ƙiftawar ido. Ƙwaron ya ci gaba da yawo, amma kwanansa ya ƙare. Ƙwan zai ƙyanƙyashe, tsutsa ta riƙa cin sa daga ciki, cikinsa ya kumbura, kayan haihuwarsa su lalace. In ta ƙoshi sai ta fasa cikin ta fito, ta faɗa ƙasa, ta kwanta a cikin turɓaya ko busasshen ganye har ta zama sabon ƙuda. Gaba da gabanta, aljani ya taka wuta.

Ƙwaron tsalle kuwa ba ƙaramin maɓarnaci ba ne. Jinsin Cicadulina shi ke ɗaukar cutar da ke zana fararen layuka a ganyen masara, shuka ta tsumbure, ta kasa goyo. Tun 1901 aka bayyana cutar a Afirka ta Kudu, a shekarun 1920 kuma H. H. Storey ya tabbatar cewa wannan ƙwaro ne ke yaɗa ta. Ta addabi Afirka har cibiyar IITA ta Ibadan ta samu lambar yabo ta Sarki Baudouin a 1986 saboda samar da irin masara mai jure mata. A 2022 wani ƙwaron tsalle ɗan asalin Asiya ya afka wa auduga da kuɓewa a ƙasashen Afirka ta Yamma, irin su Kodebuwa da Mali da Burkina Faso, ya yi ɓarna mai yawa. Jihar da ke taƙama da auduga kamar Katsina, da masu noman rani a ƙarƙashin madatsar ruwa ta Jibiya, bai kamata su raina duk wani abu da ke rage wannan dangi na ƙwari ba.

Wani dattijo zai ce: "Yaro, na ji. Amma in na yi feshi ai na kashe ƙwaron da kaina, me zan jira ƙuda ya yi mini?" Baba, tambayarka tana kan hanya, kuma amsarta ta faru a zahiri. Maganin da ke kashe komai ba ya tambayar suna. Yana kashe maɓarnaci, ya kashe mai cin maɓarnacin. Sai dai ba tare suke farfaɗowa ba. Ƙwaron tsalle yana cusa ƙwansa cikin naman ganye inda feshi ba ya kai masa sosai, yana hayayyafa da sauri, wasu kuma su shigo daga gonar maƙwabci. Masu farautarsa ba su kai shi yawa ba, kuma sukan daɗe kafin su dawo. Bayan ƴan makonni ƙwarin sun fi da yawa, babu mai tare su, manomi ya koma kasuwa ya sake sayen kwalba. Indonesiya ta ɗanɗana wannan a gonakin shinkafa: yawan feshi ya kashe gizo-gizo da sauran masu farauta, wani ƙwaron tsalle mai ruwan ƙasa ya mamaye ko'ina, har a 1986 Shugaba Suharto ya haramta amfani da magungunan ƙwari iri 57 a kan shinkafa, aka koma koya wa manoma duba gona kafin feshi.

Ba ma sai an je nesa ba. Ruwan da aka tare a Jibiya shi ne ke gangarawa ya zama Gulbin Maraɗi, kuma a can Maraɗin masu bincike na cibiyar binciken noma ta INRAN da na Jami'ar Ɗan Dikko Ɗan Kulodo sun shekara da shekaru suna kiwon wani ɗan ƙaramin ƙwaro, dangin zanzaro, mai suna Habrobracon hebetor. Ana sa shi a ƴan ƙananan buhuna tare da abincinsa, a rataye a kusa da gonaki, ya fito ya riƙa kashe tsutsar da ke huda zangarniyar gero. Manoma Hausawa ne irinmu suke karɓar buhunan nan da hannu biyu. Haka aka ceci rogon Afirka a shekarun 1980 da wani ɗan ƙwaro da aka kawo daga Kudancin Amurka, aikin da ya sa Hans Herren ya samu kyautar abinci ta duniya a 1995. Bambancin ƙuda mai ƙaton kai shi ne ba sai an kiwata shi ko an sayo shi ba. Allah ya riga ya ajiye shi a cikin ciyawa, kyauta.

Adalci ya sa a faɗi iyakar abin. Wannan ƙuda shi kaɗai ba zai share gona ba. Ƙwaron da ya soka yana iya ci gaba da tsotso na wasu kwanaki, har ya yaɗa cuta kafin ya mutu. Ba ya taɓa tsutsar nan mai cin zuciyar masara da ta shigo Najeriya a 2016, wadda ta sa mutane da yawa suka saba da goya tankin feshi. Akwai ranar da feshi ya zama dole, kuma babu mai hankalin da zai hana manomi kare guminsa. Abin da ake roƙo shi ne a bar feshin al'ada, irin na "ai maƙwabcina ya yi," ko na ganin wani abu ya gitta.

A shiga gona da safe, a juya ganye, a ga me ke ci, nawa ne, a wane ɓangare. In tsutsar masara ce, a sa magani a cikin zuciyar shukar da ta kamu, ba a wanke gona da kunyoyi da ciyawar gefe ba. In dole ne a yi feshi, a yi da yamma lis, lokacin da zuma da ƙudaje masu yawon rana suka lafa. Game da cutar zanen ganye, rigakafi ya fi magani: a nemi irin masara mai jurewa, irin waɗanda cibiyar bincike ta Samaru a Zariya take fitarwa, a kuma yi shuka da wuri tare da maƙwabta. Abin da ya shige duhu, a sa shi a kwalba a kai wa malamin gona.

Malamanmu sun karantar da mu cewa a Suratul Hajji, aya ta 73, da ƙuda aka buga misali don nuna gazawar duk wani abin bauta da ba Allah ba. Halittar da aka kafa hujja da ita ta cancanci a dube ta da kyau kafin a yanke mata hukunci. Ƙudan da ke kan tuwo a kore shi, a rufe abinci, a gyara masai. A nan iyayenmu sun yi daidai ɗari bisa ɗari. Amma wanda aka gani a gona da ƙaton kai, yana tsaye a iska yana leƙen bayan ganye, a bar shi ya yi aikinsa. Allah ya ba mu damina mai albarka, ya dawo mana da zaman lafiya a Riko da kewaye.