Gadon da ba ya kisa sai an taɓo shi

Akwai sauyin ƙwayar gado da mutum zai rayu da shi shekara sittin lafiya lau, amma rana ɗaya wani abu daga waje ya taɓo shi, sai ya zama ajali. Masana suna ce masa sauyi mai kisa bisa sharaɗi.

A ɗakin bincike, sharaɗin yawanci zafi ne. Leland Hartwell ya samu yis da ke hayayyafa a digiri 23 amma ya tsaya cik a digiri 36, da shi ya gano yadda ƙwayar halitta ke rabuwa biyu. Aikin ya ba shi kyautar Nobel a 2001.

To, kada ka ɗauka zancen Turawa ne kawai. Misalin da ya fi kusa da kai yana cikin jini: ƙarancin sinadarin G6PD, wanda ke kare jajayen ƙwayoyin jini. Kusan mutum miliyan 400 ke ɗauke da shi a duniya, kuma ya fi yawa inda zazzaɓin cizon sauro ya daɗe, don yana ɗan ba da kariya daga shi. Mu da ke Talata Mafara, Bakura da Maradun, ga ruwan dam ɗin Bakolori, ga fadamun shinkafa, ai ba sai an gaya mana sauro ba. Maza ya fi kamawa, domin a kan kuromosom X yake, namiji kuwa guda ɗaya gare shi, daga mahaifiya.

Me ke taɓo shi? Maganin zazzaɓi firimakwin, wanda ta dalilinsa aka gano matsalar a Amurka a 1956. Amma wanda ya fi damuna shi ne kafur, farin dunƙulen nan da ake sa wa a akwatin kayan jariri don ƙwari. Jariri mai wannan gado ya shaƙa ko ya taɓa fatarsa, jajayen ƙwayoyin jininsa sai su farfashe, shawara ta taso, in ta yi tsanani ta taɓa ƙwaƙwalwa. Lalle ma, in aka shafa wa jariri da yawa, yana iya yin haka.

Ba ka iya gane mai shi da ido, sai an gwada jini. Don haka ka fitar da kafur daga kayan goyo tun kafin haihuwa. In ka ga idon jariri ya yi rawaya, ko fitsarin yaro ya koma kamar baƙin shayi bayan shan magani, a tafi asibiti a ranar, kada a tsaya jiƙo.