Darasin sana'a da kwandon kifin Yauri

Tun zangon karatu na 2007/2008 hukumar jami'o'i ta ƙasa, NUC, ta wajabta darasin dogaro da kai a kan kowane ɗalibi, ko likitanci yake karantawa ko Larabci. Hukumar NBTE ma ta sa shi a manhajar kwalejojin fasaha. Don haka ɗan Yauri ko Shanga da ya gama jami'ar Aliero, ko kwalejin Waziri Umaru ta Birnin Kebbi, ba ya fitowa sai ya ji yadda ake tsara sana'a a takarda da yadda ake yi mata rajista a hukumar rajistar kamfanoni, CAC.

Abin da ke damuna shi ne irin sana'ar da ake yawan gwadawa a aji: sabulun ruwa, man shafawa, turaren ɗaki. Yara su dawo gida da abu iri ɗaya, masu sayarwa su fi masu saye yawa, alhali ga tafkin Kainji a ƙofar gida tun 1968, lokacin da ruwan madatsar ya tashi mutane sama da 40,000 daga tsibirai da gaɓar Neja.

A je bakin ruwa a Yelwa ko Warrah ta Ngaski da sassafe. Masunta sun sauke karfasa da tarwaɗa, kuma duk kifin da rana ta take bai shiga ba, banda ce kaɗai za ta cece shi. Mai banda ta fi kowane malami sanin wuta da hayaƙi. Abin da ba kasafai ake rubutawa ba shi ne kuɗin itace, kuɗin kwando, dako, la'adar dillali, da nauyin da kifi ke zubarwa a kan wuta, wanda ya haura rabi. Ga kuma ƙwari da ke cin busasshen kifi a ajiya. A nan darasin ke da amfani na gaske, don wanda ya iya raba uwar kuɗi da riba zai san farashin da in ya sayar ƙasa da shi ya faɗi, tun kafin mota ta tashi zuwa Kudu.

Haka albasa take: ta faɗi warwas a lokacin cira, ta yi tsada da damina, ribar na hannun mai rumbun da iska ke ratsawa.

Ilimin ma ba shi da nisa. A New Bussa, kusa da madatsar, akwai cibiyar binciken kifi ta NIFFR da kwalejin tarayya ta koyon kiwon kifi. Jari ne ƙalubalen, tunda banki jingina yake nema, shi ya sa adashe da ƙungiyoyin gama kai suka cancanci shiga manhaja. Da za a ji ta tawa, ɗalibin yankin nan zai yi aikinsa na gwaji a gefen mai banda ko manomin albasa, kaka guda cur, ya kawo littafin shiga da fita a ba shi maki a kansa.