Canki-Cankar Kiɗan Kilasika Daga Guntun Sauti: Abin da Wasan Yake Aunawa

1.0 Gabatarwa

Manufar wannan takarda ita ce ta yi bayani a kan wani wasan wasa ƙwaƙwalwa da ya daɗe yana gudana a Turai da Amurka, wanda a cikinsa ake saka wa mutum ɗan guntun kiɗa, na sakan biyu ko goma, sa'an nan a nemi ya canki sunan kiɗan da wanda ya tsara shi. Kiɗan da ake nufi a nan shi ne wanda ake kira kilasika, watau kiɗan Turai da gwanaye suke tsarawa su rubuta a takarda, makaɗa su karanta su kaɗa, irin na su Bach da Mozart da Beethoven. Abin da ya sa batun ya shafe mu shi ne, da wannan wasa ne malaman kiɗa suke jarraba ɗalibansu. Takardar za ta nuna cewa wasan yana auna abubuwa biyu mabambanta, watau tunawa da tsinkaye, kuma malamin da bai rarrabe su ba yana iya ba wa mai hadda makin da ya cancanci mai fahimta.

2.0 Taƙaitaccen Tarihin Wasan

Wasan ya taso ta hanyoyi biyu, hanyar makaranta da hanyar nishaɗi. A makarantun koyon kiɗa na Amurka an saba da wata jarrabawa da suke kira sauke allura. Malami yakan ɗauko faifan garmaho ya ɗora allurar a duk inda ya ga dama, ya bari ta yi 'yan sakanni, sa'an nan ya ɗage, ɗalibai su rubuta abin da suka ji. Garmaho ya shuɗe, amma sunan jarrabawar bai shuɗe ba.

Ta fannin nishaɗi kuwa, a shekarar 1952 ne gidan rediyon NBC na Amurka ya fara shirin Name That Tune, wanda ya koma talabijin a 1953. A Ingila, BBC ta gabatar da Face the Music a shekarun 1970, shirin da ya fi karkata ga kilasika. Mai gabatarwa, Joseph Cooper, yakan kaɗa wani fiyano bebe wanda ba ya fitar da amo, baƙi su canki kiɗan daga motsin yatsunsa da ƙwanƙwasar maɓallan. A 1986 kuma aka fara Counterpoint a rediyon BBC. Da zuwan intanet sai aka sami Heardle a 2022, wanda yake fara ba da sakan ɗaya tak na farkon waƙa, yana ƙarawa har zuwa sakan 16 a gwaji shida. Kamfanin Spotify ya saye shi a wannan shekarar, ya rufe shi a 2023.

3.0 Yadda Kunne Yake Gane Kiɗa

Tambayar da za a fara yi ita ce, wane tsawon lokaci kunne yake bukata? A 1999 Schellenberg da abokan aikinsa sun saka wa masu sauraro guntayen sanannun waƙoƙin zamani guda biyar, tsawon kowanne kashi ɗaya bisa biyar na sakan, wasu ma kashi ɗaya bisa goma. Masu sauraron sun dace da sunayen waƙoƙin fiye da abin da sa'a kaɗai za ta bayar. A 2010 Carol Krumhansl ta Jami'ar Cornell ta yi gwaji da guntaye masu ƙasa da rabin sakan, ta iske an gane fiye da kashi ɗaya bisa huɗu daga cikinsu. Har ila yau, ko a inda aka kasa faɗin suna, sau da yawa akan kusanci zamanin da aka yi waƙar.

Ɗan wannan lokaci bai isa a ji karin kiɗa ba, domin sauti ɗaya ma da ƙyar yake kammala. Abin da kunne yake cafkewa shi ne amo, watau muryar da ta keɓanta ga kowane abin kiɗa, kamar yadda mutum yake gane muryar mahaifiyarsa daga sallama kawai.

To, amma a nan kilasika ya sha bamban. Waƙar zamani yawanci faifai ɗaya aka san ta da shi, saboda haka amon faifan ya isa shaida. Shi kuwa kiɗan Beethoven ƙungiyoyin makaɗa masu ɗimbin yawa sun ɗauke shi a faifai, kowace da nata amon da nata saurin. Wannan ne ya sa manhajar Shazam, wadda aka fara a Ingila a 2002, take gane faifai ta hanyar gwada zanen sautinsa da wanda ke ajiye a rumbunta. Shi kuwa ɗan Adam tilas ya dogara da kari da bugu, waɗanda ba su sauyawa ko wa ya kaɗa.

Kan wannan ne Denys Parsons ya gina ƙamusunsa na 1975, inda ya jera dubban kiɗe-kiɗe bisa alamomi uku kacal: sauti ya hau, ko ya sauka, ko ya maimaitu. Alal misali, mabuɗin Simfoni na Biyar na Beethoven, wanda aka fara kaɗawa a Biyana a 1808, sauti ne guda da aka buga sau uku a gaggauce, sa'an nan na huɗu ya sauka ya daɗe. Wannan tsari ba zai zama baƙo ga Bahaushe ba, tun da hawa da saukar murya ne suke raba ma'ana a harshensa, kuma da su ne mai sauraro yake gane taken wani daga bugun kalangu kafin maroƙi ya buɗe baki.

4.0 Tunawa da Tsinkaye

Tunawa ita ce mutum ya gane kiɗa domin ya taɓa jin sa. Wannan ba ya bukatar karatu. Na taɓa saka wa ɗalibaina Zadok the Priest, wanda Handel ya tsara a 1727 domin naɗin Sarki George na Biyu na Ingila, sai aji ya kaure da cewa taken ƙwallon Turai ne. Ba su yi kuskure ƙwarai ba, domin daga gare shi Tony Britten ya ciro taken gasar zakarun Turai a 1992. Haka nan ƙarar wayar Nokia da kowa ya sani guntu ce daga Gran Vals, wanda Francisco Tárrega na ƙasar Sifen ya tsara wa jita a 1902. Sai dai wanda ya san sautuka huɗun nan na Beethoven ya san sakan biyu ne daga aikin da yake cin kusan rabin sa'a.

Tsinkaye kuwa shi ne mutum ya ji kiɗan da bai taɓa ji ba, ya bi alamomi har ya kai ga zamaninsa. Masana sun kasa tarihin wannan kiɗa zuwa zamuna, kuma kowanne yana da shaidarsa:

(a) Zamanin Barok, daga wajen 1600 zuwa 1750, shekarar da Bach ya rasu. Ana jin hafsikod, wani kakan fiyano da yake tsinkar tsirkiya maimakon dukanta, kuma bugu yana tafiya ba tsayawa.

(b) Zamanin Kilasika na ainihi, daga wajen 1750 zuwa 1820, na su Haydn da Mozart. Jimlolin kiɗa gajeru ne, daidai-wa-daida, kamar tambaya da amsa.

(c) Zamanin Romantik, wanda ya mamaye ƙarni na 19. Ƙungiyar makaɗa ta ƙara girma, kayan busa na tagulla sun yawaita, sauti yana tashi daga raɗa zuwa tsawa.

Ɗalibin da ya ji hafsikod da gogayen Turawa ya ce Vivaldi ne, alhali Bach ne, ya faɗi a suna amma ya ci zamani, kuma hujjarsa ingantacciya ce, domin Bach kansa ya yi nazarin ayyukan Vivaldi, har ya juya wasu zuwa kayan kiɗa masu maɓallai. Haka kuma rarrabe Haydn da Mozart yakan gagari ƙwararru. Abokai ne a Biyana, kuma Mozart ya sadaukar wa Haydn ayyuka shida a 1785. Ashe ke nan kuskure ma hawa-hawa ne.

5.0 Shawarwari ga Malamai

Hausawa sun ce sanin wurin bugu shi ne ƙira. Ingancin wannan jarrabawa ya rataya ne a kan inda malami ya yanko guntun da yadda ya raba maki. Idan kullum mabuɗin kiɗa ake sakawa, ɗalibai za su haddace sakan goman farko na kowane aiki su bar sauran, su ci jarrabawa ba tare da sun saurari ko ɗaya zuwa ƙarshe ba. Saboda haka ina ba da shawarwari huɗu.

Na farko, a riƙa yanko guntu daga tsakiya, kamar yadda mai sauke allura yake yi. Na biyu, guntun ya kai rabin minti ko fiye, a kuma maimaita shi, domin tsinkaye yana bukatar lokacin da tunawa ba ta bukata. Na uku, a saka aƙalla aiki guda da ba a koyar ba a aji. Na huɗu, a fifita hujja a kan suna wajen maki. Alal misali, cikin maki goma a ba suna biyu, zamani uku, kayan kiɗa da dalili biyar. Kayan aikin ba su da tsada, wayar hannu da ƙaramar lasifika sun wadatar.

6.0 Kammalawa

An ga cewa kunne yana gane amo cikin ƙiftawar ido, amma kiɗan kilasika yana neman a bi kari da bugu da alamomin zamani. Shirye-shiryen rediyo da wasannin intanet suna saka wa mai saurin tunawa, kuma wannan ya dace da nishaɗi. Ɗalibin da muke horarwa kuwa gobe shi ne zai tsaya gaban aji, inda yaro zai tambaye shi yadda aka yi ya gane. Saboda haka bayan an ce masa "wane ne ya tsara?" wajibi ne a bi shi da "me ka ji?" Ina fata mahalarta wannan taro za su duba ko za a iya gwada wannan tsari a kan faya-fayan makaɗan fada da na jama'a da ke ajiye a gidajen rediyonmu.