Me ya sa makamin da ke ajiye ya fi buƙatar makaniki?

Ka taɓa ajiye mota wata shida ba ka tayar da ita ba? Ranar da ka zo kunnawa, batir ya mutu, taya ta saki, birki ya kama. To, wannan ita ce matsalar da sojojin Amurka ke fama da ita a rumbunan makaman da suka tanada a ƙasashen waje, sai dai su tasu motar tankar yaƙi ce.

Bari mu fara da dalilin ajiyar. Tankar Abrams ta haura tan 60, kuma jirgin dakon kaya na C-17 guda ɗaya tak yake iya ɗauka a sawu. Soja kuwa cikin kwana ɗaya jirgi zai kai shi Turai ko yankin Gulf. Saboda haka dabarar ita ce a kai kaya masu nauyi tun da wuri, in rikici ya taso sai a kawo mutanen kawai. An fara haka a Jamus bayan rikicin Balin na 1961. Yau akwai irin waɗannan rumbuna a Jamus da Kuwait da Koriya ta Kudu, har da koguna da aka fafe cikin duwatsu kusa da Trondheim a Norway.

An ga amfanin abin a 1990. Iraƙi ta mamaye Kuwait ranar 2 ga Agusta, zuwa 15 ga wata jiragen ruwa maƙare da kaya daga tsibirin Diego Garcia sun iso tashar Jubail a Saudiyya, sojojin suka biyo ta sama suka tarar da kayansu.

Yanzu ga inda kimiyya ta shigo. Abokin gaba na farko shi ne laima. Ƙarfe na tsatsa ne idan ruwa da iskar oksijin suka haɗu a kansa, shi ya sa ake sa na'urori su riƙe laimar rumbu ƙasa da kashi 50 cikin 100. Na biyu batir: ko ba a taɓa shi ba cajinsa na tsiyayewa, in ya daɗe haka wani gishiri ya daskare a farantansa, ya daina karɓar caji. Na uku roba. Tayoyi da robobin da ke toshe mai suna bushewa su tsage, musamman a zafin Kuwait. Na huɗu man dizal: raɓa na taruwa a gindin tanki, ƙwayoyin cuta su hayayyafa a mahaɗar ruwan da man, su toshe matata.

Maganin duk wannan jadawali ne. Ana tayar da inji lokaci-lokaci, a motsa motar, a gwada mai, a sauya abin da wa'adinsa ya ƙare. Jiragen ruwan ma kan koma Blount Island a Florida kusan duk shekara 3, a sauke komai a duba.

In aka yi sakaci fa? A 2023 babban sufeton ma'aikatar tsaron Amurka ya bayyana cewa cikin kayan da aka ɗebo daga Kuwait don Yukren, manyan bindigogi M777 guda 6 da motocin Humvee 25 cikin 29 ba su shirya aiki ba, sai da aka yi musu gyara. A takarda lafiyarsu ƙalau.

Ka ga ke nan, ƙidaya kaya a rumbu ba ya nuna shiri. Tambayar da ya kamata ka yi, duk lokacin da ka ji an ce wata ƙasa ta tanadi makamai, ita ce: yaushe rabon da a tayar da su?