Rana Na Tsufar Da Fata Tun Kafin Shekaru Su Zo

A shekarar 2012 mujallar likitoci ta New England Journal of Medicine da ke Amurka ta wallafa hoton wani direban babbar mota ɗan shekara 69, wanda ya shafe shekara 28 yana tuƙi. Gefen fuskarsa na hagu, mai kallon taga, ya yamutse ya yi kauri, na dama kuwa da sauƙi sosai. Likitoci suka ce rana ce ta yi wannan aiki.

A cikin hasken rana akwai wasu haskoki biyu da ido ba ya gani, UVA da UVB. UVB ne ke ƙona saman fata. UVA kuwa yana ratsa gajimare da gilashin taga, ya kutsa can cikin fata. A nan yake haifar da wasu ƙananan sinadarai da masana ke kira firi-radikal. Kowannensu yana da giɓin lantarki, don haka sai ya fizgo daga ƙwayar jikin da ke kusa da shi, ita ma ta lalace. Sannu a hankali suke cin kolajin da ilastin, zaren da ke riƙe fata ta tsaya da kyau, kamar yadda tsatsa ke cin ƙarfe. Daga nan sai tamoji, da baƙaƙen tabo, da sakin fata. Hayaƙin taba da na itace da na ababen hawa su ma suna ƙara yawan firi-radikal.

Allah Ya yi wa baƙar fata baiwa da sinadarin melanin, mai tare wani kaso na wannan haske, shi ya sa tamoji ba ya saurin kama mu. Sai dai kariyar ba cikakkiya ba ce, kuma da yawa suna rushe ta da hannunsu. Man bilicin, musamman mai ɗauke da haidirokinon ko makuri, yana danne melanin, mai sitiroyid kuma yana sirantar da fata. Matsalar ta kai ga hukumar NAFDAC ta Najeriya ta ayyana bilicin a matsayin abin da ke bukatar matakin gaggawa a 2023. Duk mai shafa shi ta fita rana tsaka, fatarta ba ta da mai tare mata.

Abin da ke kwantar da firi-radikal shi ne antiyoksidan, irin su bitamin C da E da karotin, masu cike giɓin nan tun kafin ɓarna ta yaɗu. Ba sai an je kanti ba. Gwaba, lemo, 'ya'yan kuka da zogale suna da bitamin C. Gyaɗa da manja suna da bitamin E. Karas, mangwaro da kabewa kuma karotin. A guji sayen ƙwayoyin ƙari barkatai, domin wani bincike da aka wallafa a 1994 daga ƙasar Finlan ya gano cewa ƙwayoyin karotin sun ƙara haɗarin kansar huhu ga mashaya taba.

Abinci kaɗai ba zai tare rana ba. Daga ƙarfe 10 na safe zuwa 4 na yamma ta fi illa, sai a nemi inuwa. Manomi da ɗan acaɓa da mai talla su riƙe malafa ko rawani da riga mai dogon hannu. Mai hali ya sayi man kariyar rana mai lamba SPF 30 ko fiye, ya sake shafawa duk bayan awa biyu idan yana waje.

Zabiya sun fi kowa shiga haɗari, domin kansar fata na yawan kama su tun da ƙuruciya. Iyaye da malamai su tabbatar ba a tsayar da su cikin rana ba. Duk wanda ya ga gyambon da ya ƙi warkewa, ko tabon da ke girma yana sauya launi, ya garzaya asibiti, kada ya tsaya gwajin mayuka.